Neman Takwara a Kebbe

Tun da na dawo daga Kebbe ban sami sakat ba. In na zauna a majalisarmu ta gindin ceɗiya, sai wani ya gyara zama ya ce, "Malam Dodo, wai da gaske na kwana fuɗu kay yi bisa hanya don ganye uku?" In na je masallaci, ana sallamewa wani zai matso ya ce a ba shi labarin tsohon da aka kawo mini a kasuwa. Na gaji da maimaitawa, kuma na lura duk wanda ya ji sai ya ƙara nasa gishirin. Jiya har na ji an ce wai kada ta bi ni. Babu wata kada. Shi ya sa na zauna na rubuta yadda abin ya faru, wanda ya iya karatu ya karanta wa wanda bai iya ba, a bar ni in huta.

Ni duba-gari ne a nan Tambuwal. A daminar nan, ta biyu ke nan da samun mulkin kai, aka ce mu tsananta: kowane gida a nome ciyawa, a kwashe fasassun tukwane, kada a bar ruwa ya kwanta, don sauro ya yi yawa. Na ɗauki abin da zafi. Kullum kakina a goge, safata har gwiwa, ina shiga gidaje ina yi wa tsofaffin da suka yi jika da ni faɗa. Ba a jima ba magana ta fara dawo mini, wai in na isa in fara da bayan ɗakin uwata.

Kuma suna da gaskiya. A bayan ɗakin Inna, inda ruwan makewayi ke gangarowa, akwai ɗan lambunta: zogale, shuwaka, na'a-na'a, filasko, da wasu da ban san su ba. A gefe guda, cikin wata tsohuwar tukunya mai tsagaggen baki, akwai wani ganye mai ƙanshi da a gidanmu ake ce wa takwara. Duk damina in tari ya kama Inna, shi take tafasawa ta sha.

Sai in gaya muku yadda nake da Inna, don in ba haka ba ba za ku gane sauran ba. Ni ne ɗanta na fari. Ba ta kiran sunana, ba ta dubana ido da ido, ba ta yi mini magana kai tsaye. Ana yaye ni aka kai ni Sakkwato wurin ƙanen babana, can na yi makaranta, can na girma, ban iya bambanta rama da tafasa ba sai a kwano. Da na dawo, in na durƙusa gaishe ta, sai ta dubi ƙanwata Hajo, wadda ke aure a maƙwabta, ta ce, "Hajo, gaya ma wancan an gode." Ni da ke gabanta taku biyu. Kalmar nan "wancan" ita ce rabona a wurinta, kuma na saba da ita har ina jin daɗinta.

Ranar da Inna ta tafi suna wata unguwa, na zo da leburori biyu. Hajo ta tare ƙofa ta ce in ji tsoron Allah. Ɗaya daga cikin leburorin ma ya dafa fartanya ya ce, "Malam, wanga fa magani na." Na ce doka ba ta san magani ba. Aka nome wurin tas, aka zuba yashi, tukunyar nan kuwa ni da kaina na fasa ta don mutanen da ke leƙe ta katanga su gani.

Inna ta dawo, ta tsaya ta dubi yashin, ta shige ɗaki. Ba faɗa, ba kuka. Washegari na durƙusa na gaishe ta, ta ci gaba da tsince wakenta. Na jira "gaya ma wancan", shiru. Haka jibi, haka gata. Sai tarin ya zo. Na kawo mata kwalbar magani daga asibiti, ta sa aka tokare ƙofa da ita. Kwana goma ina jin tarin nan ta bayan katanga yana ƙara zurfi.

Hajo ce ta ce mini, "Takwaran da kak kashe daga Kebbe shi hito, gidan kakarmu. Yafendo na can har yanzu. In kana son tsohuwar ga ta sha magani, ta sake ce maka wancan, tahi ka ɗauko irinai."

Yafendo ƙanwar Inna ce, ban taɓa ganinta da wayona ba. Na tambayi Hajo ainihin sunan ganyen, don in san abin da zan nema. Ta dube ni, fuskarta ko alamar dariya babu, ta ce, "Takwara mana." Ta sani sarai. Har yau ban gama da ita ba.

Na nemi hutu, na hau keken aiki da sassafe, sanye da kakina, wai don a girmama ni a hanya. Mota ba ta bin hanyar Kebbe da damina, kuma ban yi nisa ba na gane dalili. Keke ya ɗauke ni har hantsi, daga nan kuma ni na ɗauke shi. A cikin wannan taɓo wani ɗan koli ya cim mini a kan jakinsa, mutum mai fara'a, ya sauka muka taka tare. Ya tambayi inda za ni, ni kuwa da bakina ba ya riƙe magana na kwashe komai na gaya masa, har da wani ɗan alfahari, cewa ni ne ma'aikacin da bai bar ko gidan uwarsa ba. Ya ce, "Allah shi kyauta." Ya hau jakinsa ya yi gaba. A taɓo jaki ya fi keke sauri, wannan ma ban sani ba sai ran nan.

Da la'asar na isa wani ƙauye da ba zan faɗi sunansa ba, don sun yi mini kirki daga baya. Ban taɓa ganin gari mai tsabta irinsa ba. Kowace ƙofa a share, har sawun tsintsiya bai goge ba. Ƙasa kuwa jiƙe, ba ta ruwan sama ba, duk randar da ke garin an kifar. Mai gari ya fito da rawaninsa a karkace, ya tarbe ni da ranka-shi-daɗe ba iyaka. Na ce ƙishi nake ji. Aka shiga gida, aka fito, aka shiga na gaba, aka fito. Duk faɗin garin babu ruwan da zai cika moɗa, sai da aka je rijiya.

Bayan na sha na ce, "Mai gari, nan kuna shuka ganyen magani a gida?"

Ya ce, "Mu? Subhanallahi. Ranka shi daɗe, nan ko zogale ba mu sani ba." A ƙarƙashin zogale muke zaune.

Ba su zaci zan kwana ba. Da na ce dare ya kusa kuma ƙafata ta gaji, sai na ga mai gari da ƙanensa sun dubi juna. Aka yi ta 'yan shawarwari, a ƙarshe dai ba yadda za su yi, aka buɗe mini ɗakin baƙi. Ina shiga ƙanshi ya buge ni. Rabin ɗakin an rufe shi da tabarmi. Na ɗaga ɗaya, sai ga tukwane da kasake jere reras, kowanne da shukarsa. Ashe matan garin, da suka ji labarina daga bakin ɗan koli, sun kwaso lambunansu kaf sun ɓoye a ɗakin da suke ganin ba wanda zai leƙa. A cikinsu har da irin ganyen Inna.

Na ɗauko shi da murna na kai wa mai gari. Na ce, "Mene ne sunan wannan?"

Ya ce, "Wanga? Ba shuka ba ta, da kainai ya hito."

"A cikin tukunya?"

"Ikon Allah, ranka shi daɗe."

"To, sunansa fa?"

"Ba shi da suna."

Na bi mutum biyar da tambaya, duk ba shi da suna. Na haƙura. Aka kawo tuwon dawa da miyar busasshiyar kuɓewa, da kaza guda wadda na tabbata toshiyar baki ce, na kuma cinye ta ba kunya. Na kwana a tsakiyar maganin gari guda. Abin da ya dame ni da safe shi ne, tun farkon damina ban yi barcin da sauro bai taɓa ni ba sai wannan.

A nan na fara lura da abin da shekara uku ina shiga gidaje ban gani ba. Mu a Tambuwal bakin makwarari muke shuka, inda ruwan wanka ke fita. A Sakkwato matan ma'aikata a garwar kananzir suke yi, su jera a baranda kamar kayan ado. Mutanen ƙauye kuwa gindin randa suke ajiye tukunyar, duk wanda ya sha ruwa ya zuba mata ragowar, ba wanda aka ɗora wa aikin ban ruwa. Kowace mace ta san tukunyarta ko cikin ɗari ne. Ina ɗaure kayana na ji biyu suna musu a bayan zana kan wadda aka sauya wa kasko.

Kafin Kebbe akwai gulbi, damina ta cika shi. A nan ƙasarmu ta ƙare tasu ta fara. Babu fasfo, babu kwastan, amma mai fito ya fi ɗan kwastan tambaya. Wani baƙi ne dogo, yana tauna goro, ya dube ni tun daga hula har safa.

Ya ce, "Kai na duba-garin Tambuwal."

Na ce ni ne.

"Wanda yat tuge shukar uwatai."

Na ɗora kekena a kwalekwale na shiga. Mata uku da ke cikin kwalekwalen suka ja kayansu gefe.

Ya nuna wata fadama da sandar tuƙinsa ya ce, "Ga wani ruwa can kwance tun bara. In ka gama da Kebbe ka zaka ka kwashe muna shi."

Har muka haye ba wanda ya sake yi mini magana, sai dai kowa na yi da ni.

Na shiga Kebbe da azahar, ranar kasuwa. Mutanen can sun fi mu doguwar gaisuwa, sai an tambayi gida da gona da shanu da gajiyar shekaranjiya kafin a zo kan magana. Na sami wata rumfa da dattawa ke zaune, muka gaisa har na fara manta abin da ya kawo ni. Sannan na ce, "Gidan Yafendo nake nema."

Wani mai farin gemu ya ce, "Yafendon wa? Kowa nan na da yafendo."

A nan na gane ban san sunanta ba. A gidanmu ba a taɓa kiranta da wani abu ba sai Yafendo. Na ce bari in biyo ta wata hanya. Na ce, "To, takwara nake nema. An ce a nan ake samu."

"Madalla. Mi sunanka?"

"Muhammadu."

Su tara ne a rumfar, biyar suka ɗaga kai. Wani ya ƙwala kira, mai nama ya taho yana goge wuƙa, shi ma Muhammadu. Aka kira wanzami. Kafin in buɗe baki an tara mini Mamman da Muhamman da Hamma sun fi goma, kowa na tambayar ko gado ne ya faɗo. Na ce ba mutum nake nufi ba, ganye ne. Mai farin gemu ya ce shi dai shekararsa saba'in bai taɓa jin ganye mai suna Muhammadu ba. Don in rage taron na ce ai Dodo aka fi sanina da shi. Suka ce, "Af! Ka ce Dodo. Guda muka da shi."

Aka je aka zo da shi, wani tsohon masunci, kurma, da tsintsiya a hannu, don an gaya masa duba-gari ne ke kiransa. Tun daga nesa yake rantsuwa cewa ya share. Aka yi masa ihu a kunne cewa ni takwaransa ne daga Tambuwal. Nan take ya yar da tsintsiya ya rungume ni, ya ce ya san za a yi masa takwara wata rana, ya kuma tambayi abin da na zo masa da shi. Kafin in yi tunani ya cire hulata ya ɗora a kansa. Tana can har yanzu.

Amma shi ne mai hankalin cikinsu. Ya ce, "Ɗiyan wa kake?"

Na faɗi sunan babana, bai san shi ba. Ya ce, "Uwar fa?"

Jama'a, ni tun da aka haife ni ban taɓa furta sunan Inna ba. Na matsa na raɗa masa a kunne. Ya ce, "Iye?" Na ɗan ɗaga murya. Ya ce, "Ɗaga dai, ɗiyana, kunnen ya mutu." A tsakiyar kasuwar Kebbe, gaban mai nama da wanzami da Muhammadu goma sha wani abu, na buɗe maƙogwaro na ce, "Kulu!" Wata mai sayar da daddawa ta ce, "Innalillahi, 'yan boko." Da ƙasa za ta tsage da na shige.

Tsoho ya ce, "Kulu da anka kai Tambuwal! Biyo ni."

Na sami Yafendo tana daka, 'yar ƙaramar tsohuwa, fuskar Inna sak, sai dai ita bakinta ba ya hutawa. Labari ya riga ni isa. Ta sa na cire takalmi da safa tun daga zaure, ta yi mini wankin babban bargo ba tare da ta ajiye taɓarya ba. Ta ce an kai ni makaranta an sayo mini wando an bar hankalin can. Da ta gaji ta kawo mini tuwon shinkafa da miyar kifi, irin wadda mu a Tambuwal sai da salla, ta zauna tana kallona har na sauke kwano. Sannan ta ce in taso.

Lambunta ya ninka na Inna sau uku. Tana tafe tana nuna mini da ƙafa: wannan na ciwon ciki, wannan na mai jego, wannan na shawara, wannan kada ka taɓa in ba kana son kwana a makewayi ba. A ƙarshe ta tsaya kan wani da ya yi kumbu a gindin katanga. Na ce, "Shi ne! Takwara!"

Ta ce, "Mi kac ce?"

"Takwara."

Ta yi dariya har sai da ta zauna a kan turmi. Ta share hawaye ta ce, "Shi kaka yawo kana tambaya cikin kasuwa? Ɗoɗɗoya ta, sakarai. Ɗoɗɗoyar da ka sha cikin miya tun kana rarrafe. Ita aka turara ma sauro shi gudu. Kai kuma ka tuge ta don sauro."

Na san kalmar, ban dai taɓa haɗa ta da ganyen ba. Na tuna har a bayan ofishinmu akwai ta, mun sha nome ta. Na ce, "To, me ya sa a gidanmu ake ce mata takwara?"

Dariyar ta tsaya. Ta nuna wani ɗaki da rufinsa ya lotsa ta ce, "Can anka haife ka. Ka hito da gashi buzu-buzu, tsohuwarmu tac ce wanga ai dodo na, suna ya bi ka. Tun ran nan Kulu ba ta sake iya cewa ɗoɗɗoya ba, in ta buɗe baki sunanka za ta taka. Sai ta koma ce mata takwara. Da za ta koma Tambuwal bayan arba'in, tsohuwa ta cire mata saiwa guda daga nan inda kake tsaye. Ran da anka yaye ka anka tahi da kai Sakkwato, ina gidan. Ba ta yi kuka ba, ɗan fari na, ina ita ina kuka gaban mutane. Ta dai tashi ta tono shi daga cikin sauran, ta sa shi tukunya shi kaɗai. Kai anka ɗauke, shi anka bar mata. Shekara talatin tana tara irinai tana maidawa cikin tukunyar nan."

Na tuna ƙarar da tukunyar ta yi da na buga ta da ƙasa, da yadda na waiga in ga ko masu leƙe sun gani. Kunya na sha ji a tafiyar nan, amma wannan ba kunya ba ce, baƙin ciki ne, kuma na zauna a ƙasa da kakina na yi kuka. Yafendo ta bar ni na yi mai isata, sannan ta ce in tashi haka nan, ina danne mata na'a-na'a.

Da safe ta tono mini guda mai kyau da ƙasarsa, ta sa a kasko, ta ɗaure da tsumma. Ta ce kada rana ta buge shi, kada ya bushe, kada kuma in kuskura in ce wa Kulu ta gaya mini wani abu.

Dawowa ta fi zuwa wuya. A gulbi aka haɗa mu kwalekwale ɗaya da wani rago da bai yarda da ruwa ba. Muna gab da gaci ya yi tsalle, kwalekwale ya karkata, na tsinci kaina a ruwa har wuya, hannuwana biyu a sama riƙe da kasko. Keke ya nutse, sai da aka lalubo shi da ƙafa. Mai fito ya dube ni a haka, ya tofar da goro ya ce, "To, yau ka yi kama da ɗan mutane." Bai karɓi ladan fito ba.

A ƙauyen nan kuwa labari ya sake riga ni, wannan karon mai kyau. Randuna cike, tukwane sun koma gindinsu, mai gari har ya tuna sunan zogale. Na ajiye kasko a inuwa na shiga salla. Ina tahiya na ji ana "Kai! Kai!" Na sallame na fito na tarar da wata akuya tana lashe baki. Abin da ta bari kara ne guda, tsawon yatsa, da ganye uku a gindinsa.

Matan garin suka yi ta salati. Ba a jima ba uwargidan mai gari ta aiko mini da tata ɗoɗɗoyar, kore shar, ta fi ta Yafendo ma kyau. Mai gari ya ce, "Malam, sauya ta cikin kaskonka kawai. Ganye guda na, wa zai sani?" Na karɓa na gode, don gaskiya na yi niyya. Washegari na ɗaure mai kyau a bayan keke, na rungume gunduwar da akuya ta bari a gaba, duk tsawon hanya ina shawara da kaina. Mai kyau za ta ba Inna abin tafasawa yau-yau. Gunduwa sai ta yi sati uku, in ma ta rayu. Amma wadda ta shekara talatin tana duban abu kowace safiya, ni ne zan yi mata wayo? Kuma ko ba ta gane ba, ni na sani. Da na hango rufin Tambuwal na tsaya, na tsinke ganyen mai kyau na cika aljihu don dai a sami na tafasawa, sauran na miƙa wa wata tsohuwa da ke dawowa daga itace. Ta dubi kakina, ta dubi shukar, ta ce ita ba ta san ta ba, ba ta taɓa ganinta ba. Da ƙyar na lallashe ta ta karɓa.

Na shiga gida da la'asar, ba hula, safa ɗaya, wando ya bushe da laka. Hajo na tsakar gida, ta toshe baki da gyale. Na ba ta ganyen aljihu na ce ta ɗora ruwa. Inna na zaune a ƙofar ɗaki, ta rame, tana tari. Na durƙusa na gaishe ta, na tura kaskon gabanta, ban ce komai ba don ban san da wa zan yi maganar ba.

Ta daɗe tana dubansa. Ta sa yatsa ta ɗebo ƙasar, ta murza, ta shinshina. Sannan ta miƙe a hankali, ta ɗauki kaskon ta zagaya bayan ɗaki. Na bi ta daga nesa, Hajo na biye da moɗar ruwa. Inna ta tsuguna a kan yashin da na zuba, ta ba ni baya, ta ture shi da hannu har ta kai baƙar ƙasa. Ta zaunar da kaskon, ta gyara ganyen nan uku ɗaya bayan ɗaya. Sai na ji ta yi magana, ba da Hajo ba.

Ta ce, "Sannu da hanya, Takwara. An ce ka faɗa gulbi. Ka rame. Kai dai ba ka da wayo tun can, amma ka komo gida."

Shekarata talatin da ɗoriya, ban taɓa jin kalmomi masu yawan haka sun fito daga bakinta sun nufo inda nake ba. Ban san sanda na ce, "Yauwa, Inna," ba.

Ta ce, "Hajo, ganyen ga ya faye magana. Ba shi ruwa."

Hajo ta tsaya da moɗa, ta dubi kasko, ta dube ni, ta rasa inda za ta nufa. Inna ta karɓe moɗar daga hannunta. Ta zuba rabi a gindin shukar a hankali, ta jira ƙasa ta shanye. Sannan, ba tare da ta waigo ba, ta miƙo sauran ta bayanta.

Na karɓa da hannu biyu na sha. Akwai ƙasa a ciki, ban bar ko ɗigo ba.